Amsa ga mai tambaya kan farashin masu ɗinkin gashi na Instagram

'Yar uwa, tun jiya da dare na ga tambayarki, na ce bari sai na samu natsuwa in amsa miki, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce wata shahararriyar mai ɗinkin gashi da kike bi a Instagram ta yanka miki kuɗi ninki uku na abin da mai gyara miki kai ta saba karɓa, kuma ba za ta ba ki rana ba sai kin tura kafin alƙalami. Kina son sanin ko kuɗin ya dace da aikin, ko kuwa suna kawai ake sayar mana.

Ni dai na ga cikin abin da wajensa. Shekara 4 na yi a ƙarƙashin wata mai shago ina kitson ƙasa ina ɗinka ƙarin gashi a kansa, har ciwon wuyan hannu ya sa na ajiye allura. Daga nan na koma mai biya kamar kowa.

Bari in fara da ba su haƙƙinsu. Mai cewa "ai ɗan ɗinki ne kawai" ba ta taɓa tsayuwa a kan kan wata ba. A wanke, a busar, a yi kitson da za a ɗora gashin a kai, sannan a bi shi layi-layi da lanƙwasasshiyar allura, kowane ɗauki a ja zare daidai, kada ya yi sako-sako kada ya shaƙe. In akwai les ɗin gaba kuwa, wato siririyar ragar nan mai gashi da ake sawa a gaban goshi, wani aikin ne daban: ki zauna da hantsaki kina tsince gashi ɗaya-ɗaya har gaban goshin ya daina kama da bakin tabarma. Awa 3 zuwa 5 a tsaye, wani lokacin fiye. Wadda ke aikin da gaske, kai biyu a wuni ya ishe ta. Shi ya sa ban ga laifin kafin alƙalami ba. Na sha share wuni guda ina jiran wadda ta ce tana hanya, har magariba ko ƙeyarta, ga wata na riga na sallama saboda ita.

To amma ga abin da ya same ni. Da bikin ƙanwata ya matso na ce nima bari in je wurin mai suna sau ɗaya a rayuwa. Wata biyu ina kallon bidiyoyinta, hannunta kamar walƙiya. Na biya, na je. Wata yarinya ce ta yi min kitson ƙasa, wata ta yi ɗinkin, kuma tun daga yadda take riƙe allurar na san ba ta shekara da fara koyo ba. Ita mai sunan tana can ciki ana ɗaukar ta bidiyo. Sai da aka kusa gamawa ta fito, ta yi kamar minti 20 a kaina: ta kwantar da gashin gaba, ta fesa wani abu mai sheƙi, ta kunna zagayayyiyar fitilar nan, ta ce in juya a hankali in yi murmushi. Wallahi a bidiyon ni kaina na burge kaina. Kwana 10 da yi, zaren ƙeya ya saki, gaban goshi kuma ya yi ƙananan ƙuraje saboda tsananin ja. Da na yi magana aka ce ni ce ban iya kula da shi ba. Ni da na ɗinka wa mutane shekara 4!

Ba koyar da yara nake ƙi ba, nima haka na koya. Abin da ya ci min rai shi ne kuɗin hannunta na biya, aka ba ni hannun wata, kuma ba wanda ya faɗa min tun farko.

Daga ranar na gane cewa kuɗin da ake yanka mana dunƙule ne: akwai na gashin, akwai na aikin hannu, akwai na suna. Ita mai suna tana biyan hayar wuri mai kyau, da mai ɗaukar bidiyo, da talla, da kan da take yi wa fitattun mata kyauta don su yaba ta. Duk wannan a kanki yake ƙarewa, alhali ba ya ƙara wa ɗinkin ko kwana ɗaya.

Inda aka fi yi mana rufa-rufa kuwa shi ne gashin kansa, musamman in ta ce dole a wurinta za ki saya. Ɗauri ɗaya yawanci giram 100 ne. Kai guda yana cin ɗauri 2 zuwa 3, in kuma dogo ne sosai, wanda ya wuce inci 22, yakan kai 4, domin nauyin ɗaurin bai canzawa, tsawon ne yake cinye faɗin. Ke da kanki za ki iya lissafa wannan. Sunayen nan da ake liƙa masa, na Brazil, na Peru, galibi sunan kasuwa ne. Mafi yawan gashin mutum da ke yawo a duniya daga Asiya yake fitowa. A Indiya, babban wurin bautar nan na Tirupati yana gwanjon gashin da masu ziyara ke askewa, a China kuma birnin Xuchang ya yi suna da masana'antun sarrafa gashi. Mai tsadar gaske shi ne wanda aka yanko aka ajiye shi yadda ya tsiro, saiwa da saiwa, baki da baki, shi ya sa ba ya cukurkuɗewa. Na ƙasa da shi tattaro shi ake yi, a wanke shi da sinadari a ɓare masa bayansa, a shafe shi da silikon. Ranar farko ba ki bambance su, har ma na biyun ya fi sheƙi a kyamara. Sai an wanke sau biyu ko uku silikon ɗin ya tafi, ki ga ƙeya ta dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Kallon kitse ake wa rogo. Wani ma ana cakuɗa shi da na roba. In kina shakka, ciri sili biyu ki kai bakin wuta: gashin mutum yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Saboda haka kada ki yi cinikin biri a sama. Rubuta mata ki ce ta raba miki kuɗin, nawa ne na gashi, nawa ne na aiki, kuma in kin zo da naki gashin za ta ɗinka? Tambaye ta ƙarara wa zai yi kitson ƙasa, wa zai riƙe allura. Da wanki da busarwa a ciki, ko za a ce ki zo da kanki a wanke a busar sannan a karɓi kuɗin cikakken aiki? Wannan sabon yayin yana ba ni mamaki, mu a lokacinmu wanki shi ne farkon aiki, a nan kike ganin lafiyar fatar kan da za ki rufe. In ita ce ta makara ko ta ɗage rana, kafin alƙalaminki zai dawo? Don na ga masu cin tarar minti 15 na latti, su kuma su shanya mutum awa 2 ko a jikinsu. In zare ya saki a makon farko, gyaran kyauta ne? Wadda ta amsa waɗannan ba tare da ta hau sama ba, ko da tsada, ni na yarda da ita. Wadda ta ce "farashina ke nan, in ba ki da shi ki wuce", to ki wuce ɗin.

Sannan daina auna aiki da hoton ranar farko. Ɗinki mai kyau yana kai mako 6 zuwa 8 kafin a tsefe, ba a so ya wuce haka saboda sabon gashi yana tsirowa a ƙasa kitson ya saki. Nemi wadda ta yi wata guda da nata, ki ce ta ɗaga miki gashin ki ga layin ɗinkin, ki kuma duba gaban goshinta. Ciwon kai da ƙuraje ba alamar aiki ya kama ba ne, alamar an ja fiye da ƙima ne, kuma yawan jan nan yana cinye gashin gaba, in aka daɗe ana yi ma ba ya dawowa.

Wani abu kuma, tun da kin kawo maganar mai gyara miki kai. Kada tsadar waccan ta sa ki ɗauka kuɗin wannan ne daidai. Araha ba ta ado, amma sau da yawa ita mai shirun nan cutar kanta take yi, tana jin nauyin ƙara kuɗi don kar ku gudu. Wadda nake zuwa wurinta yanzu ko shafi ba ta da shi, hotunanta ma duhu gare su, amma ɗinkinta yana kai ni mako 7 ba sili ɗaya da ya motsa. Ni da kaina na ƙara mata a kan abin da take faɗa, har yanzu kuma bai kai rabin na mai sunan ba.

Akwai shahararrun da sunansu daga hannunsu ya fito, na san biyu, ko gobe zan biya su don abin biki. Taki ban san ta ba. Tura mata tambayoyin nan yau, ki dawo ki nuna mana amsar da ta ba ki kafin ki tura ko sisi.