Takardar shaidar inganci ba ta wanke ɗan kwangila idan gini ya tsage

Tambaya: Barista, barka da aiki. Kamfaninmu ya ba ɗan kwangila ginin ɗakin ajiyar kaya, an rubuta yarjejeniyar a kan littafin FIDIC mai jan bango na 1999, wato samfurin sharuɗɗan kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya. Wata huɗu da karɓar ginin, daɓen kankare ya fara tsagewa, wasu ginshiƙai kuma suna zubar da gari. Da muka yi magana sai ya ce yana da takardar ISO 9001 ta shaidar tsarin tabbatar da inganci, injiniyanmu kuma ya sa hannu a kowane mataki, don haka babu ruwansa. Muna da hakki a kansa?

Amsa: Malam, wannan hujja tasa ba za ta tsaya ba, domin abu biyu ya cakuɗa. Tsarin tabbatar da inganci magana ce ta yadda ake gudanar da aiki: wa ke amincewa da siminti da rodi kafin a yi amfani da su, yaushe aka daidaita ma'auni, wane horo ma'aikata suka samu, ina ake ajiye bayanai. Binciken inganci kuwa abin da aka gina yake dubawa: a auna kaurin kwaɓin kafin a zuba, a duba tazarar rodi, a cika ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150 da kankaren, a murƙushe daskararren kankaren a injin gwaji bayan kwana 7 da kwana 28. Takardar ISO 9001 na farkon take shaidawa. Ba ta ce daɓenku ya kai ƙarfin da aka rubuta ba, shi kuma ƙarfin nan ne kuka biya.

Yarjejeniyar ma ta toshe masa hanya. Sashe na 4.9 ya ce bin tsarin tabbatar da inganci ba ya sauke wa ɗan kwangila nauyin da ke kansa, sashe na 3.1 kuma ya ce amincewar injiniya ko sa hannunsa ba ya wanke shi. Sai dai ku duba sharuɗɗa na musamman da aka ƙara, don sau da yawa a nan ake sauya waɗannan sassan.

Ku fara da rubuta masa takardar sanar da aibi, yau ba gobe ba, da hotuna masu kwanan wata da ma'aunin kowace tsaga. Wa'adin sanarwar yana cikin yarjejeniyarku, galibi kwana 365 daga ranar karɓar aiki. Maganar waya ba ta zama hujja. A takardar ku nemi sakamakon gwajin kankare, takardun kawo kaya, da littafin aikin yau da kullum.

A waɗannan takardu shari'ar take, don haka a karanta su da natsuwa. Idan babu sakamakon kwana 28, ko ya gaza ƙarfin da aka sharɗanta amma aka ci gaba da gini a kai, kun kama shi. Abin da ya fi rikitarwa shi ne sakamako ya fito lafiya lau, gini kuma yana marmashewa. Yawanci hakan na faruwa ne idan an ƙara wa kwaɓin ruwa bayan an ɗebi samfur don zubi ya yi sauƙi, ko samfurin yana jiƙe a tankin ɗakin gwaji alhali daɓen yana bushewa a rana ba mai ba shi ruwa. A nan sai ku kira ɗakin gwaji mai zaman kansa ya huda ginin ya ciro kankaren, aƙalla daga wuri uku, a murƙushe. Ku gayyaci ɗan kwangilar a rubuce ya halarta, kada gobe ya ce ba a gabansa aka yi ba.

Dole in gaya muku ɗaya ɓangaren. A sashe na 11.2, kuɗin gyara yana wuyansa ne idan aibin daga kaya ne, ko aikin hannu, ko zanen da shi ya yi. Idan gwaji ya nuna kankaren ya cika ƙarfi, ashe zanen ne ya sa daɓen bai yi kauri ba, ko kun ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, to ƙorafinku ya koma kan mai zanen, ko kuma ku ɗauki asarar. Siraran tsagar sama da bushewa ke kawowa ma ba kullum suke nufin rauni ba.

Idan laifin nasa ne ya ƙi gyarawa, sashe na 11.4 ya ce ku sa masa rana ku sanar da shi. Ranar ta wuce, kuna iya ba wani gyaran a kan kuɗin ɗan kwangilar, ko ku nemi injiniya ya rage farashin kwangilar. Soke yarjejeniya sai idan aibin ya hana ku kusan duk amfanin ginin, kuma ba na ba da shawarar a yi garaje a kai.

Kada ku fasa daɓen ko ku shafe tsagar kafin a yi gwaji, hujjarku ce za ku binne. Rabin kuɗin riƙo da ke hannunku ma, wato abin da kuka riƙe daga kuɗin aikinsa a matsayin jingina, kada ku taɓa sai kun gabatar da buƙatarku ta hanyar sashe na 2.5. Idan aka kasa daidaitawa, kwamitin warware saɓani na da kwana 84 ya yanke hukunci, wanda bai gamsu ba kuma kwana 28 ne gare shi ya faɗa a rubuce, in ba haka ba hukuncin ya zauna daram.