Enable, Activate da Boost: wanne ne ke dawo da abin da aka kashe a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, daga Zariya nake. Ƙanina ne ya ɗauki wayata yana ta taɓe-taɓe sai ya danna wani abu wai shi Disable a kan Play Store, tun ranar ban ƙara ganin Play Store ɗin ba, mai gyara kuma ya ce sai dai a yi filashin. Dan Allah mene ne kishiyar wannan kalmar da Turanci, ko zan iya gyarawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yarda a yi maka filashin, wallahi ba abin da ya lalace. Kalmar da kake nema ita ce Enable. Shi Disable ba gogewa ba ne, kamar mutum ne ya garƙame shagonsa da kwaɗo ya tafi gida, kaya na nan ciki lafiya lau, Enable kuma shi ne buɗe shagon. Manhajojin da waya ke zuwa da su daga kamfani irin su Play Store da Chrome da YouTube yawanci Android ba ya bari ka cire su gaba ɗaya, shi ya sa inda ya kamata ka ga Uninstall sai ka ga Disable.

To ka shiga Settings, ka je Apps, a wasu wayoyin an rubuta App management, ka gangara har ka ga Google Play Store, kana buɗe shi za ka ga Enable ɗin yana jiranka, danna kawai shikenan. In ya dawo amma ya ƙi sauke komai, ka danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi a nuna maka manhajojin system, ka duba Download Manager ko shi ma yaron ya kashe shi.

Abin nan na filashin yana min ciwo sosai, da idona na ga wata baiwar Allah ta rasa hotunan bikin 'yarta kakaf a kan matsalar da danna abu ɗaya zai gyara ta.

A kwamfuta ma haka yake, in Wi-Fi ko sauti ya ɓace ka danna maɓallin Windows da na X tare, ka shiga Device Manager, wanda aka kashe za ka ga 'yar kibiya a jikinsa tana kallon ƙasa, danna shi da maɓallin dama na mouse ka zaɓi Enable device.

Tambaya: Malam ni ɗaliba ce, jarrabawa ta matso ina so in huta da Facebook, na ga Deactivate na ga Delete, wanne zan danna?

Amsa: Deactivate ƙanwata. Kishiyarsa Activate ne ko Reactivate, duk ranar da kika sake shiga da lambarki da kalmar sirri shafinki zai dawo da komai nasa. Delete kuwa kwana 30 ake ba ki ki janye, in suka wuce to sai haƙuri. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Wayata mai RAM 2GB ce tana nauyi, na sauke RAM Booster da Signal Booster amma sai zafi take ƙarawa, ba Boost na nufin ƙara ƙarfi ba ne?

Amsa: Ma'anar kam ka gane ta daidai, Boost da Enhance da Strengthen duk kalmomin ƙarfafa abu ne, kishiyar Weaken wato raunatawa. Masu buga Free Fire da PUBG ma suna da nasu, in aka rage wa bindiga ƙarfi su ce an yi mata nerf, in aka ƙara su ce buff. Amma fa rubuta Boost a jikin manhaja ba ya ƙara wa waya komai. RAM ƙarfe ne da aka liƙa a kan allon cikin wayar, abin da bustar ke yi kawai shi ne ta rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage, shi kuma Android ya sake tada su, ta sake rufewa ya sake tadawa, ga tallace-tallacen da take loda maka da datarka, ka ga inda zafin da shan cajin suke fitowa kenan. Daga Android 14 da ya fito a 2023 ma an hana manhaja kashe ayyukan wasu manhajoji na bayan fage, nata kaɗai take iya taɓawa.

Sabis kuma tsakanin eriyar wayarka ne da turken kamfanin layi, ba manhajar da za ta matso maka da shi kusa, in ya yi rauni kunna Airplane mode na ɗan lokaci ka kashe, waya za ta sake laluben turke. Ka cire bustocin nan duka biyu yau ɗin nan, ka rage bidiyoyin WhatsApp da suka cika maka waje, ka koma Facebook Lite, bayan kwana biyu ka rubuto min yadda ka ga wayar.