Jita da amfilifaya a hanya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga wani ɗan'uwa mai kiɗa a coci a Jos: Yaya, na ga wata jita Gibson Les Paul ta hannu a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, dala 1,800, shekara biyu ina tara kuɗinta. Zan turo ta ta hannun wani ejan ɗin kago, wato mai turo kaya ta jirgin sama, a Amurka ya kawo min ita Legas. Ejan ɗin ya ce mu rubuta dala 200 a takarda saboda kwastam. In yarda?

Ƙanena kar ka yarda, ko da wasa. Na san abin da ya sa maganar ta yi maka daɗi, kuɗin kwastam ba wasa ba ne, amma wannan lambar da za a rubuta ita ce ƙimar jitarka a idon kowa daga ranar, in ta ɓace ko ta karye ba wanda zai saurari cewa ai 1,800 ka biya alhali takardar da ke ɗauke da sunanka ta ce 200, kuma in kwastam suka gano an rage to wata rigimar ce daban, kai za a riƙe wa kaya ba ejan ba.

Sannan ga abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, kamfanin jirgi ba da darajar kaya yake biyan diyya ba, da nauyi yake biya. Akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999 wadda Najeriya da Amurka duk suna ciki, ita ta ƙayyade abin da za a biya a kan kowane kilo na kago, daga ƙarshen Disambar 2024 ya koma 26 na ma'aunin kuɗin asusun IMF, wato wajen dala 35 kenan. Jita da akwatinta da kwali ka ce kilo 10, kaga dala 350 ke nan a kan kayan 1,800. Hanyar tsira ɗaya ce, ka bayyana ainihin kuɗinta ka biya inshora a kai, kuma ka ce a nuna maka a rubuce cewa inshorar ta haɗa da karyewa, don wata ɓata kawai take rufewa.

Wani tarkon kuma, kariyar da eBay ke ba mai saye tana ƙarewa ne a adireshin da aka kai kayan, wato sito ɗin ejan ɗinka. Da zarar an sauke a can an sa hannu, abin da ya faru daga nan zuwa Legas ba ruwansu. Don haka ka sa ejan ya buɗe kwalin ranar da ya iso, ya ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif, ya haska bayan wuyan jitar da kyau daidai inda kan jitar ya haɗu da wuya. Nan ne Gibson ke karyewa, saboda kan nata a lanƙwashe yake zuwa baya kuma katakon ya yi siriri a wurin ga tsirkiya shida na ja, kwalin zai iya faɗuwa sau ɗaya kawai ka gan shi garau a waje, ka buɗe ka tarar da kai yana reto a jikin tsirkiya. Wallahi abin tausayi ne, ana iya liƙewa ta yi kiɗa amma kuɗinta ya faɗi ke nan.

Ka roƙi mai sayarwa ya sassauta tsirkiya, ya cusa takarda ko tsumma mai laushi sama da ƙasan kan har ya daina motsi, ya cire ɗan murfin makunnin sauya sauti da ke jikin jitar ya sa a aljihun akwati, ya rufe ya girgiza, in ya ji wani abu na motsi to bai gama ba. Akwati mai tauri cikin kwali mai kauri, da abin cika tsakani ta kowane gefe. Kuma ka shirya wa kuɗin jigila, don ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba har da girma, tsawo sau faɗi sau kauri a raba da 5,000 ko 6,000, kwali mai santimita 125 da 50 da 20 sai a caje ka kilo 21 zuwa 25. In lissafin ya fi ƙarfinka ka duba jitar kamfanin Fender, wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure, ana kwance shi a turo a ƙaramin kwali, kuma ta fi jure wahalar hanya nesa ba kusa ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Sabon Gari, Kano: Na sayo wa maigidana amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a kasuwar Alaba ta Legas, aka sako a motar dare. Ta iso kwalin ya lotse, mun kunna sai ƙugi. Direba ya ce haka aka ba shi, mai shago ya ce lafiya ta bar hannunsa.

Hajiya sannu da wannan takaici. Abin da zan fara tambaya shi ne, a tasha aka buɗe ko sai da aka kai gida? Don in an karɓa an tafi, gaskiya maganar ta yi rauni, direba zai ce a adaidaita sahu ta bugu. Duk da haka kar ki bari, ki ɗauki takardar webil, wato shaidar ɗora kaya a mota, da hoton kwalin yadda ya lotse ki je ofishin kamfanin motar ko wajen shugabannin tasha, ba wajen direba ba, shi ba zai taɓa cewa laifinsa ne ba. In mai shago ya turo miki bidiyon gwaji kafin ya rufe kwali to kin samu abin riƙewa. Sau da yawa a raba kuɗin gyara ake ƙarewa, in aka yi miki wannan tayin ki karɓa.

Kuma kafin a yanke ƙauna a kai wa mai gyara ya buɗe bayanta. In irin mai ƙananan kwalaben gilashi ce a ciki masu kama da ƙwan fitila, sau tari ɗaya ce ta fashe ko ta zame daga mazauninta, canzawa kawai za a yi. Wanda ya fi muni shi ne taransifoman ciki, ƙarfe ne mai nauyi, in aka jefar da kwali shi ke fizgar jikin injin ya tsaga allon wayoyi. Nan gaba a cire kwalaben a naɗe kowace daban, a sa katifa a kusurwa huɗu, a rubuta kuɗin kayan a jikin webil, kuma wanda ya kai tasha ya tsaya ya ga inda aka ajiye ta, kar a ɗora mata buhu ko injin janareta. Ɗan abin da za a ba yaron mota don ya sa ta a sama bai kai kuɗin sifika ɗaya ba.

Af, ga masu sayowa daga Amurka, ƙarfin wutar lantarkinsu 120 ne namu 220 zuwa 230, wasu amfilifayoyin lafiya lau suke isowa sai a jona kai tsaye su ƙone a minti ɗaya a ce hanya ce. A karanta bayanta tukuna.

Tambaya daga Agadas: Malam, yayana zai taho daga Faransa da jitar da zan riƙa zuwa biki da ita. Ya riƙe a hannu ko ya sa a kaya?

A hannu, in dai kamfanin jirgin ya yarda, kuma ya tambaya tun kafin ya sayi tikiti ya ajiye amsar a rubuce, don kowane kamfani da ƙa'idarsa. Ya je da wuri ya shiga cikin na farko kafin ma'ajiyar sama ta cika. Amma ya zuba ta a akwati mai tauri duk da haka, don ana iya karɓe ta a bakin ƙofar jirgi, jakar yadi ba ta kare komai a cikin kaya.

In ta fito da rauni kar ya bar filin jirgi sai ya cike takardar ƙorafi a teburin kaya. Yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana 7 a kan kayan fasinja, 14 a kan kago, amma ni ban yarda a kwana ba. A 2008 wani mawaƙin Kanada, Dave Carroll, aka karya masa jita Taylor ta dala 3,500 a tafiya da jirgin United ta Chicago, suka ƙi biya wai bai kai ƙara cikin awa 24 ba, ya yi wata da watanni yana bi, sai da ya yi musu waƙa ya sa a YouTube a 2009 miliyoyin mutane suka kalla sannan suka neme shi. Ba kowa ke da wannan muryar ba.

In jitar mai rami ce ta katako kuma ta iso lokacin hunturu, ka bar ta a akwati ta saba da iskar, bushewar Agadas na tsaga katakon da ya zauna a ƙasa mai laima.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Na sayi jita aka turo min, lambar bin sawun kayan ta nuna an kawo, ni ban ga komai ba.

Ka nemi kamfanin yau ɗin nan su ba ka sunan wanda ya sa hannu da lokaci da adireshi, sannan ka tambayi maigadi da maƙwabta, wani lokacin tana can ɗakin wani a jingine. In ba ta fito ba ka rubuta wa mai sayarwa, don yawanci wanda ya tura shi ke da ikon neman diyya a wajen kamfani, kai kuma ka buɗe ƙorafi a inda ka biya kuɗin kafin wa'adi ya wuce. Ka karɓi lambar siriyal a wajensa, tana bayan kan jitar ko a farantin ƙarfen wuya ko a takardar cikin rami, ka kai rahoto wajen 'yan sanda da ita, ka tura hoton da lambar a guruf-guruf ɗin makaɗa na WhatsApp da wajen masu gyaran kayan kiɗa na Kaduna da Kano da Jos. Masu jita ba su da yawa a garuruwan nan kuma sun san juna, wanda ya ɗauka dole sai ya nemi mai saye a cikinsu.