Corolla ta tsufa tana shan baƙin mai: in koma 20W-50?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2004 'yar Kwatano, ta haura kilomita 250,000. Ta fara shan baƙin mai, kafin lokacin juye ya zagayo sai na ƙara kusan lita guda. Makanikena ya ce 5W-30 da nake zubawa ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, wai in koma 20W-50 in haɗa da gwangwanin nan mai ƙara kauri, in ba haka ba inji zai buga. Da ita nake kai yara makaranta, kuma ba ni da kuɗin wani inji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Lita guda tsakanin juye da juye a injin da ya ci wannan tafiya ba alamar bugawa ba ce. Abin tsoron shi ne maganin da aka ba ka.

Injin da aka fi samu a cikin wannan mota shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, kuma 5W-30 Toyota ta rubuta masa. Yana ɗaukar kusan lita 4 idan an canza har da filta, amma gejin mai ne alƙali, ba galan ba. Ka nemi man da aka rubuta API SL, SM, SN ko SP a jikin galan ɗinsa, wato alamar matakin ingancin mai. Na baya-bayan yana maye gurbin na da. Idan CF ko CH-4 kaɗai ka gani, na dizal ne, ajiye shi.

Sai maganar "man ƙasar sanyi", wadda kusan kowane gareji ake maimaita ta kamar karatu. Lambar farko mai W tana nuna yadda mai yake gudu kafin inji ya ɗumama. Ta biyun kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100. Injin da lagiretonsa da fankarsa suke lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90, ko a Jos yake cikin Disamba ko a Sakkwato cikin Afrilu. Zafin gari aikin ruwa da fanka ne. Idan motarka tana ɗaukar zafi, gyara lagireto, ka mayar da tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, idan an cire maka shi, kada ka ɗora wa mai laifi.

Wannan ɗabi'a daga zamanin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ta samo asali. Waɗancan injina hanyoyin mansu a buɗe suke, mai kauri ya dace da su, kuma wanda ya koyi aiki a kansu bai yi kuskure ba a lokacinsa. Kuskuren shi ne ɗauko wannan karatu a ɗora wa inji irin naka da ke da VVT-i, wato tsarin sauya lokacin buɗewar bawul. A nan matsin mai ne yake juya lokacin buɗewar bawul, ta cikin wani ɗan bawul mai rariya ƙarama da ba ta kai ɗan yatsa ba. Matsin mai ne kuma yake taimaka wa abin da ke ɗaure sarƙar taimin. Mai lamba 50 a cikin zafi ya kusa ninka mai lamba 30 kauri, da safe kuwa bambancin ya fi haka nesa. Ka tayar da mota da asuba cikin hunturu, famfo yana faman tura shi sama kamar mai zuƙar fura da tsinke, kan inji na juyawa a bushe na wasu daƙiƙu. Ƙarar "kar-kar-kar" da kake ji a wasu motoci da safe, sau da yawa ita ke nan. Kullum ana yin haka, ƙarfe na cin ƙarfe.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. Dalilin da ya sa 1ZZ na shekarun farko yake shan mai sananne ne: ƙananan ramukan da ke bayan ringin mai a jikin fistin suna toshewa da ƙonannen datti, ringi ya maƙale, man da ya kamata ya koma ƙasa sai ya hau ya ƙone. To ta yaya mai kauri zai bi ramin da mai sirara ya kasa bi? Hayaƙi zai ragu na ɗan lokaci, makanike ya ce ka gani ko, alhali dattin ƙaruwa yake yi. Gwangwanin kauri kuwa ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Yana iya kashe fitilar mai da ke kamawa a tsaye, amma wannan rufe bakin mai gargaɗi ne. Idan fitilar tana kyaftawa, a ɗaura agogon awon matsi a gani: inji ya yi zafi, a juyi 3,000 cikin minti ɗaya ya kamata agogon ya nuna wajen "bar" 3 (ma'aunin matsi) ko fiye. Idan ya gaza sosai, metal ne (ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu) ko famfo ko rariyar da ke cikin tukunyar mai, kuma babu gwangwanin da ke gyara ɗaya daga cikinsu.

Kafin ka canza komai, gano inda man yake tafiya. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ya kwana. Leƙa gefen murfin kan inji da wajen sarƙar taimin, don nan suka saba yoyo a wannan inji. A ciro ɗan bawul ɗin PCV, mai fitar da tururi daga cikin inji, a girgiza. Idan ba ya ƙara, ya toshe, kuma ba shi da tsada. Shuɗin hayaƙi daga salansa da farkon tashi da ke ɓacewa daga baya, yawanci sil ɗin bawul ne, wato robar da ke hana mai zurarewa ta jikin bawul. Wanda ke fita idan ka taka mota kuwa ringi ne.

Idan lita ɗaya ce a kilomita 4,000 zuwa 5,000, zauna a kan 5W-30, ka riƙa yawo da lita guda a but, kana duba geji kowane mako a wuri shimfiɗaɗɗe bayan inji ya huta minti biyar. Idan shan ya kai lita a kilomita 1,500, hau mataki ɗaya zuwa 5W-40 ko 10W-40 ka tsaya nan, kana tara kuɗin ringi. Kada a cika ya wuce alamar sama. Juye kuma kowane kilomita 5,000 ko wata shida, saboda ƙurarmu da cunkoson cikin gari, kuma duk juye da sabuwar filta. Idan ka buɗe murfi ka ga datti ya daskare kamar kwalta, kada ka yarda a wanke da kananzir ko dizal. Dattin zai ɓalle gaba ɗaya ya toshe rariya. Yi juye biyu ko uku a kusa-kusa, kilomita 2,000 tsakani.

Duk wannan bayani ya tashi a banza idan man jabu ne. Ana sayen tsofaffin galan a ɗura musu mai marar sinadari a manna murfi, lambar da ke jiki kuwa ado ce kawai. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya tana kama irinsu lokaci-lokaci, amma kasuwa ba ta rabu da su ba. Sayi naka da kanka a gidan man babban kamfani ko wajen dila amintacce, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a fasa shi a gabanka. Idan an gama, huda galan ɗin kafin ka bar shi a gareji.