Tambayoyinku Kan Fasaha: Wa Ke Iya Ganin Bayanan Kwastomominku a Gajimare?

Tambaya: Malam, muna da manhajar da mutane ke sayayya ta cikinta. Sunayensu, lambobin wayarsu da adireshinsu duk suna cikin rumbun bayananmu a kan AWS, wato ma'ajiyar gajimare ta kamfanin Amazon da ake haya ta intanet. Wanda ya haɗa mana manhajar ya ce tunda suna hannun Amazon mu kwantar da hankalinmu. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, rabin gaskiya ya faɗa maka. Amazon, Microsoft da Google duk sun rubuta a fili cewa nauyin tsaro rabawa ake yi. Su ne ke kula da gine-gine da injina da manhajojin da ke ƙarƙashi. Amma wa aka ba izinin shiga rumbunka, da abin da zai iya ɗauka idan ya shiga, wannan a wuyanka yake.

Dubi abin da ya sami bankin Capital One na Amurka a 2019. Ba katangar Amazon aka fasa ba. Kuskuren saiti ne a katangar tsaron da bankin ya kafa da kansa ya ba wata mata damar samun makullin wucin gadi na wata sabar bankin (babbar kwamfutar da ke sarrafa bayanai), ita kuma sabar an sakar mata izini fiye da abin da aikinta ke buƙata. Da wannan makulli aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada, daga baya hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 80. Abin lura shi ne bayanan a kulle suke, wato an yi masu inkirifshan, amma bankin ya amsa cewa hanyar da aka bi ta ba da damar buɗe su. Kullewa tana maganin wanda ya saci faifan ajiya ne. Wanda ya shigo da makulli na gaskiya, rumbun da kansa yake buɗe masa.

A 2024 aka sake ganin irinsa da kamfanonin da ke ajiya a Snowflake, wani kamfanin adana bayanai a gajimare, ciki har da AT&T da Ticketmaster. Masu bincike na kamfanin tsaron intanet Mandiant sun ce an sanar da kamfanoni da ƙungiyoyi kusan 165. Kalmomin sirri aka sace daga kwamfutocin da muguwar manhaja ta kama, wasu tun 2020 ba a canza su ba, kuma asusun ba su da tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri. Ɓarayin suna ta shiga ta ƙofa kamar masu gida.

Don haka ka zaunar da mai haɗa manhajarka ya fito maka da jerin duk asusun da ke iya taɓa rumbun, na mutane da na manhajoji. Kowane ma'aikaci da asusunsa, kada a yi tarayya a guda. A rarraba izini bisa matsayin aiki: mai kai kaya ya ga adireshi, akanta ya ga biyan kuɗi, ba wanda ke ganin komai sai da dalili. Asusun da manhajar kanta ke amfani da shi kada ya zama na babban mai gudanarwa, duk da na san masu haɗa manhaja na son haka don ya fi sauƙi. A kunna tantancewa mai mataki biyu ga kowa, har da kai. Na taɓa duba wa wani kamfani irin wannan jeri, na tarar da asusun wani da ya bar aiki fiye da shekara guda yana nan da ransa, da cikakken izini. Ba mugunta ba ce, ba wanda aka ɗora wa alhakin rufewa ne kawai.

Tambaya: Ni ke shugabantar sashen amsa kiran kwastomomi. Yarana na ganin cikakkiyar lambar waya da lambar katin kowa a fuskar kwamfutarsu, abin yana damuna. Na ji ana iya rufe wani sashe da taurari. Yaya ake yi, kuma ya wadatar?

Amsa: Malama, damuwarki a kan hanya take. Abin da kika ji shi ne lulluɓe bayanai. Bayanin yana nan cif a cikin rumbu, amma lokacin da za a nuna shi sai rumbun ya duba wa ke tambaya. Idan mai amsa kira ne, ya ga    **** **** **** 4821. Idan wanda aka ba izinin ganin asali ne, ya ga lambar gaba ɗaya. Manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, SQL Server, na da wannan tun daga fitowar 2016, haka Azure SQL, Snowflake da BigQuery. Lambobi huɗu na ƙarshe sun ishi yaronki ya tabbatar da wanda yake magana da shi. Ƙa'idar masu katin kuɗi, PCI DSS, ba ta yarda a nuna fiye da lambobin farko masu nuna banki da huɗun ƙarshe ba, sai ga wanda aikinsa ya wajabta. Lambobin tsaro ukun nan na bayan kati kuwa, ba a ma yarda a ajiye su ba bayan an kammala biya.

Ya wadatar? Ga wanda ke kallon fuskar manhaja kawai, ya yi aiki sosai. Amma lulluɓi labule ne, kuma Microsoft da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Wanda ke iya rubuta wa rumbun tambaya kai tsaye zai iya leƙa bayan labulen ba tare da ya ɗaga shi ba. A ce an lulluɓe adadin kuɗin da ke asusun kwastoma. Sai ya ce, nuna min waɗanda kuɗinsu ya haura 500,000. Rumbun zai lulluɓe adadin, amma sunan mutumin ya fito a jerin. Sai ya ce waɗanda suka haura 750,000. Bai fito ba? To tsakanin biyun yake. Yana ta raba tazarar biyu, tambaya ashirin ta ishe shi gano kowane adadi daga sifili zuwa miliyan ɗaya. Shi ya sa masu amsa kira bai kamata su sami hanyar rubuta tambaya ga rumbu ba sam, manhaja ce za ta tsaya tsakani.

Ki kuma nemi a taƙaita layukan da kowa ke gani, ta yadda ma'aikaci ba zai iya buɗe fayil ɗin kowa da kowa ba sai na sashensa. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL na iya wannan tun sigar 9.5, sai dai a kula, mamallakin teburin bayanan yana tsallake shingen idan ba a tilasta masa ba. Sannan a riƙa rubuta wa ya buɗe bayanin wa, da ƙarfe nawa, kuma a sami mai karanta wannan rajista. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ma'aikacin da ya san ana ganin sawunsa ba ya yawan leƙa fayil ɗin tsohuwar budurwarsa.

Tambaya: Ni mai haɗa manhaja ne. Ina son kwafin bayanan gaskiya don gwaji. Idan na goge sunaye, na mayar da lambobin waya zuwa hash, wato na juya su ta lissafi zuwa jerin haruffa marasa ma'ana, shi ke nan?

Amsa: A'a, abokina. Latanya Sweeney ta nuna da alƙaluman ƙidayar 1990 cewa ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai na iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da suna ba. Hash ɗin ma ba ya ceto idan abin da aka juya gajere ne mai tsari sananne. A 2014 birnin New York ya saki bayanan tafiye-tafiyen tasi kusan miliyan 173, an juya lambobin motocin da wata hanyar hash mai suna MD5. Wani injiniya ya lissafa hash na duk lambar da za ta iya yiwuwa ya kwatanta, asirin ya tonu. Lambar waya ma haka take, kwamfutar hannu za ta iya bin su duka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ma tana ɗaukar bayanan da aka sauya wa suna kawai a matsayin bayanan mutum har yanzu.

Abin da ya dace da gwaji shi ne a musanya bayanan dindindin kafin kwafin ya bar rumbun asali: sunayen ƙarya, lambobin ƙarya masu tsari iri ɗaya, ranar haihuwa a gusar da ita. Ka tabbata kwastoma ɗaya ya sami sunan ƙarya ɗaya a duk teburan, in ba haka ba alaƙar da ke tsakaninsu za ta tsinke, gwajinka ya lalace. Kada ka manta da akwatin ƙorafi da sharhi, inda mutane ke rubuta lambar wayarsu da adireshinsu da hannunsu. Nan ne aka fi mantawa, kuma mafi sauƙi shi ne ka share shi gaba ɗaya daga kwafin gwajin.