Gudu da rana a zafin Afrilu

Ɗan'uwa ka tambaya me yasa in kana gudu da rana ƙirjinka ke bugawa kamar zai fito, alhali lokacin sanyi ba haka bane. Zafin ne wallahi, a Sakkwato ma yakan haura digiri 40. Jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma na rage ruwan jini, dole zuciya ta ƙara sauri. Koma gudu bayan asuba, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, sannan a rage magi da gishiri a miya don suna tada hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) tace kar gishiri ya kai giram 5 a rana. In ƙirji yayi ciwo ko jiri ya ɗebe ka don Allah tsaya, kaje asibiti a auna ka.