Tambayi Likita: Allurar Mura a Ɗakin Gaggawa

Tambaya: Likita, na kai mahaifina ɗakin gaggawa cikin dare, asma ta tasar masa. Da ya samu sauƙi sai ma'aikaciya ta ce ya kamata a yi masa allurar rigakafin mura. Mura har ta kai a yi mata allura? Daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mura suna ta tara. Akwai ta majina da atishawa, kwana kaɗan ta wuce. Akwai kuma wadda muke kira girip, ita ake yi wa allurar: masassara ta rufe mutum farat ɗaya, gaɓoɓi su yi tsami, ga busasshen tari. Ita ce kan sauka ƙirji ta zama ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. Waɗanda ta fi kayarwa kuwa su ne ke cika mana ɗakin gaggawa in hunturu ya kama: masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya, sikila, da waɗanda suka kai shekara 65. Mu faɗi gaskiya, dattijo irin Baba ba ya taka asibiti sai an ɗauko shi ranga-ranga. In ba a yi masa maganar a daren nan ba, yaushe za a yi? Abin lura ɗaya: in jikinsa da zafi sosai, a bari ya warware tukuna. Allurar ba ta cikin alluran yara na kyauta, sai ka tambaya a farmasi.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, uwar mijina ta ce kada in yarda a yi mini allurar. Daga Tibiri.

Amsa: Hajiya tsoro take ji miki, ki lallashe ta. Masu ciki suna sahun gaba cikin waɗanda ya kamata a yi wa allurar, kuma kariyar tana ratsawa ga jariri, wanda ba a yi masa tasa sai ya cika wata 6.

Tambaya: An yi mini bara, kwana uku sai ga mura. Ba allurar ce ta sa mini ba?

Amsa: A'a, Malam. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Jiki yana bukatar kusan sati 2 kafin ya haɗa garkuwa, ga alama ka riga ka ɗauka, ko kuwa mura ce ta majina, wadda allurar ba ruwanta da ita. Ta bara kuma ba ta isar bana, don ƙwayar tana sauya kama duk shekara. Kafso na masu talla a tasha kuwa ka ajiye shi, ba ya taɓa girip.